Amsoshin Tambayoyinku: An buɗe sabon coci a bayan nawa, rabin 'yan kwaya sun koma can

Mai gabatarwa: Jama'a barkanmu da yamma, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duk inda kuke jin mu, ko cikin garin Gombe ne ko Kaltungo, Billiri, Kumo, Dadin Kowa, har da 'yan'uwa na Bauchi da suke kama mu ta waya. Filin amsoshin tambayoyinku ne, kuma kaman yadda muka saba ba ma faɗin sunan mai tambaya ko sunan cocinsa, gari ko unguwa kawai. Baba Fasto yana nan zaune. Baba sannu da zuwa, ya hanya?

Baba Fasto: Yauwa 'yata, sannu da aiki. Hanya lafiya, sai tsadar keke napep. Ina gaida masu sauraro duka.

Mai gabatarwa: Toh Baba ta farko ta shigo ta WhatsApp daga wani fasto a Tumfure. Ya ce: "Baba ina gaisuwa. Dan Allah a taimake ni da shawara. Yaron da na raina cikin aiki, ni na yi mishi baftisma ni na koya mishi tsayuwa a gaban jama'a, shine ya tashi ya buɗe nashi coci a layin bayanmu ko gida biyar babu tsakani. Ya sayo manyan lasifika da kibod, ran Lahadi in ya fara ko muryata ba na ji. Rabin 'yan kwaya sun bi shi, baiko ya ragu har kuɗin man janareta sai mun yi karo-karo. Ana kawo mini labari wai yana cewa mu cocin tsofaffi ne babu wuta. Gaskiya Baba har na fara addu'a Allah ya rufe wurin. Shin na yi laifi?"

Baba Fasto: Hmm. Fasto, ɗana, na ji ka, kuma ba zan ce maka abin ba ciwo ba, akwai ciwo sosai, musamman da yake yaron hannunka ne ba baƙo ba. Amma tunda ka tambaya kai tsaye zan amsa maka kai tsaye: wannan addu'ar ka daina ta daga daren yau.

Ka buɗe Filibiyawa sura 1 daga aya 12 zuwa 18. Bulus ya rubuta wannan wasiƙa yana ɗaure, galibin masana sun ce daga Roma ne, wajen shekara ta 60 zuwa 62. Ƙarshen Ayyukan Manzanni ya nuna mana yadda zaman yake, shekara biyu cur a gidan haya, soja yana gadinsa, mutane suna iya zuwa wurinsa amma shi ba ya fita, kuma yana jiran shari'a a gaban Kaisar wadda bai san yadda za ta kaya ba. A cikin wannan halin ne wasu masu wa'azi a garin suka ga dama ta samu. Babban ya shiga hannu, fili ya zama nasu. Bulus ya faɗa da bakinsa cewa waɗansu suna wa'azin Almasihu saboda kishi da husuma da sonkai, har nufinsu su ƙara masa azaba a kan ɗaurin da yake ciki. Ka lura fa, ba arna ba ne, ba sojojin Roma ba ne, 'yan'uwa ne masu riƙe da bishara, su ne suke so ya ji labari a ɗaki cewa wane ya tara jama'a fiye da shi, ransa ya ɓaci.

Abin da nake so ka gani shine Bulus bai wanke su ba. Bai ce ai ƙila na fahimce su ba daidai ba. Ya kira abin da sunansa, kishi ne. Amma da ya zo aya 18 sai ya ce toh sai me, ko da riya ko da gaskiya ai Almasihu ake shela, da wannan nake murna, kuma zan ci gaba da murna. Mutum ya raba abu biyu da mu kullum muke cakuɗa su: zuciyar mai wa'azi daban, saƙon da yake bakinsa daban. Zuciyar ya bar wa Allah, shi ne zai yi mata hisabi. Saƙon ya auna ya ga na gaske ne, sai ya yi murna. In yaronka ba shi da lafiya a ƙauye da dare aka aiko ɗan acaɓa da magani, ba ka tsayawa tambayar ko ɗan acaɓan yana shiri da likita ko ba sa ga maciji, abin da kake dubawa maganin na gaske ne ko jabu.

Saboda haka tambayar da ya kamata ka fara yi ita ce me yaron nan yake wa'azi a can. Kuma kar ka nemi amsar a bakin masu kawo maka labari, don wanda ya kawo maka nashi yana kai mishi naka, wataƙila shi ma an gaya mishi kana addu'a a rufe shi. Kai ka koyar da shi, ka fi kowa sanin abin da ke cikinsa. Tunda lasifikar tasa har cikin ɗakinka take shiga, toh ka zauna wata rana ka saurara da kunnen malami ba da kunnen kishiya ba. In ka ji yana cewa Yesu ya mutu domin zunubanmu, an binne shi, ya tashi, ku tuba ku gaskata, toh abin da ka zuba mishi ne yake zubawa wasu, kuma addu'ar a rufe wurin ta zama kana roƙon Allah ya kashe aikin hannunka da kanka.

Wannan hali tsoho ne a cikin mutanen Allah. A Markus 9:38 Yahaya ya zo yana ba Yesu rahoto cewa sun ga wani yana fitar da aljanu da sunansa sun hana shi, dalili kawai ba ya bin su. Yesu ya ce kada ku hana shi. A Littafin Ƙidaya sura 11 Eldad da Medad suna annabci a cikin zango, ba a wurin da sauran dattawa suka taru ba, Joshuwa ya ce Musa ya hana su, Musa ya tambaye shi ko kishi yake taya shi, ya ce ina ma dukan jama'ar Ubangiji annabawa ne. Yahaya da Joshuwa fa, ba ƙananan mutane ba, kuma dukansu suna ganin gaskiya suke karewa.

Yanzu wannan ba ya nufin yaron bai yi kuskure ba. In ya tashi ba sallama, ya janye 'yan kwaya a ɓoye, yana kuma zagin inda ya sha nono, wannan laifi ne kuma akwai hanyar da Matiyu 18:15 ta shimfiɗa: ka je ka same shi kai da shi, in bai ji ba ka tafi da dattijo ɗaya ko biyu. Maganar lasifika ma a nan za a yi ta, don ba maganar ruhaniya ba ce, maganar maƙwabtaka ce. A juya bakin lasifikar ciki, ko a rage, ko ku daidaita lokacin sujada. Ni dama wannan ɗabi'ar ta kafa lasifika a kan rufi a cikin unguwa ba ta taɓa kwanta mini ba ko daga wane ɓangare ta fito, akwai marasa lafiya akwai jarirai akwai maƙwabta Musulmi da muke zaman mutunci da su, ba ƙarar amfilifaya ce take sa mutum ya tuba ba.

Waɗanda suka bar ka kuma kar ka ɗauke musu gaisuwa. In an yi haihuwa ka je barka, in an yi rasuwa ka je. Sa'annan ga mai ɗaci: ka kira biyu ko uku cikin matasan ka tambaye su tsakani da Allah me ya sa suka tafi, ka yi shiru ka ji. Wani kiɗa ya bi, shikenan. Amma wani zai ce maka Baba shekara nawa muna neman a ba mu dama ko karatun Littafi mu yi ran Lahadi ba a ba mu ba. Tumfure kuma kullum gidaje ake ginawa, mutane suna tarewa, akwai da yawa da ba sa zuwa ko'ina ran Lahadi, su ne ba wanda yake rigima a kansu.

Mai gabatarwa: Baba amma wani zai ce kenan duk wanda ya ambaci sunan Yesu sai mu tafa mishi? Don ga tambaya ta biyu nan daga wata ɗaliba a Gwallameji, Bauchi. Ta ce: "Akwai wani bawan Allah da yake zuwa taron farkawa kusa da mu, yana sayar da mai da ruwa da hankici, ya ce duk wanda bai shuka iri da kuɗi ba kar ya sa ran cin jarrabawa. Da na yi magana sai ƙawayena suka ce kar in taɓa shafaffe na Allah, wai ko Bulus ya ce a bar kowa ya yi wa'azi. Haka ne?"

Baba Fasto: A'a 'yata, ba haka Bulus ya ce ba, kuma na ji daɗi da wannan ta biyo bayan waccan. Bulus ɗin da ya yi murna da masu kishinsa shi ne ya rubuta wa Galatiyawa a sura 1 aya 8 da 9 cewa ko shi kansa ko mala'ika daga sama in ya kawo wata bishara dabam da wadda aka riga aka ba su, la'ananne ne, kuma sau biyu ya maimaita. Kai ko a cikin Filibiyawan ma, sura 3 aya 2, ya kira wasu masu koyarwa karnuka, ya ce a yi hankali da su, saboda suna cewa sai an ƙara kaciya kafin a sami ceto. Wasiƙa ɗaya, mutum ɗaya. Waɗanda suka taɓa sunansa da martabarsa ya ƙyale su, waɗanda suka taɓa saƙon bai raga musu ba ko kaɗan. Mu kuma yau mun juya abin, a taɓa kujerarmu mu tada hankalin gari, a gurɓata bishara mu ce kowa da kiransa.

Ma'aunin yana 1 Korintiyawa 15:3-4 da Afisawa 2:8-9, ceto ta wurin alheri ne, kyauta ce, ba a saye. Mutumin da ya fara ƙoƙarin haɗa kuɗi da baiwar Allah a cikin ikilisiya shine Siman mai sihiri a Samariya, Ayyukan Manzanni 8, kuma kin san amsar da Bitrus ya ba shi, kuɗinka su hallaka tare da kai. Shafa wa mara lafiya mai a yi mishi addu'a yana cikin Yakubu 5:14, amma dattawan ikilisiya ne ake kira su zo, babu kwalba mai farashi a wurin. Ita kuma ayar kada ku taɓa shafaffuna, Zabura 105:15, in kin karanta daga sama za ki ga labarin su Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi lokacin da suke baƙi 'yan kaɗan suna yawo cikin al'ummai, Allah yana tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Ba garkuwa ba ce da mai wa'azi zai ɗaga don kada a tambaye shi. Mutanen Biriya Bulus da kansa suka bincika da Littafi kowace rana, aka kuma yaba musu.

Kar ki je ki yi hayaniya a taronsa, kar ki zage shi a Facebook. Ki zauna da ƙawayenki da Littafi a buɗe, ki kuma sanar da shugabannin zumuntarku ta ɗalibai, FCS ne ko NIFES. Kuɗin da za ki shuka ki sayi handawut da shi ki yi karatu, ki yi addu'a kyauta.

Mai gabatarwa: Toh Baba. Ta uku wasiƙa ce da hannu aka kawo ofis, daga wata mama a Bolari. Ta ce: "Mun gudo daga wajen Michika a 2014, maigidana bai tsira ba. Ina da yara huɗu ina soya ƙosai da wankau. Tun da mai ya tashi komai ya tashi, wake da man gyaɗa sun fi ƙarfina, jarin ya karye, an koro biyu daga makaranta. Da ni ce mai fita bishara da mata gida gida, yanzu kunya nake ji, me zan gaya wa mutane alhali ni kaina ban ci ba? Wata a cocinmu ta ce wai rashin bangaskiya ne ko akwai zunubin da ban furta ba. Baba na gaji."

Baba Fasto: Mama, sannu. Sannu ƙwarai. Allah ya ji kukanki kafin mu mu ji.

Zan fara da waccan da ta ce zunubi ne, don maganar tata ta fi yunwar ciwo. Abokan Ayuba haka suka ce, a ƙarshen littafin Allah ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Almajirai sun tambayi Yesu a Yahaya sura 9 wa ya yi zunubi aka haifi mutumin nan makaho, ya ce ba shi ba ne ba iyayensa ba. Cire tallafin mai da aka yi a watan Mayu 2023 bai tambayi wa ya yi addu'ar safe wa bai yi ba, kowa ya taɓa, Kirista da Musulmi. Ki sauke wannan kayan, ba naki ba ne.

Sa'annan kar wani ya ruɗe ki cewa mai bangaskiya ba ya cewa na gaji. Bulus ya rubuta a 2 Korintiyawa 1:8 cewa a Asiya an matsa musu fiye da ƙarfinsu har suka fid da rai. A sura 11 ya lissafa bulala arba'in ba ɗaya har sau biyar, jifa, jirgi ya fashe da shi, yunwa, ƙishi, sanyi, rashin sutura. Ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya a jiki, ba a cire ba. A Filibiyawa ɗin da muke kira wasiƙar farin ciki ma ya ce da a ce abokin aikinsa Abafaroditas ya mutu, da baƙin ciki ya hau masa kan baƙin ciki, kenan dama akwai na farko yana nan.

Kuma wannan Abafaroditas ɗin, nan nake so dattawan cocin Mama su matso kusa da rediyo. Me ya kai shi wurin Bulus? Saƙo ya kai, gudummawa daga ikilisiyar Filibi, tafiyar makonni daga Makidoniya, ya yi ciwo har ya kusa mutuwa saboda aikin. Wasiƙar Filibiyawa in ka karanta sura 4 wasiƙar godiya ce ta mutumin da aka aika wa taimako yana ɗaure. Ya ce tun yana Tasalonika sun aika masa ba sau ɗaya ba. Kuma ba masu kuɗi ba ne, 2 Korintiyawa 8 ta ce ikilisiyoyin Makidoniya cikin matsanancin talauci suka bayar. Muna son haddace aya 13, zan iya yin komai ta wurin wanda yake ƙarfafa ni, muna manna ta a bayan mota, amma aya 14 da take biye da ita ta ce duk da haka kun kyauta da kuka taya ni ɗaukar wahalata. Ita ba wanda ya manna. Cocin da yake tara kuɗin tayil da fenti da sabuwar motar fasto alhali 'ya'yan gwauruwa suna gida an koro su saboda kuɗin makaranta, ya koma ya karanta Ayyukan Manzanni 6, inda manzanni suka tara dukan masu bi aka zaɓi mutum bakwai saboda an manta da wasu gwauraye wajen rabon abinci, ya haɗa da Yakubu 2:15-16. Ni a wurina wannan ba ya cikin abubuwan da ake cewa in an samu rara.

Mama ke kuma kar ki ɓoye. Na san halinmu, mutum ya sa anko ɗin Zumuntar Mata fes ya yi rawa ya koma gida ba a ɗora tukunya ba kuma ba wanda ya sani. Ki sami shugabar mata ko matar fasto ki faɗa musu ƙarara, jari ya karye, yara biyu suna gida. In akwai adashi a roƙa a ba ki ɗauka da wuri.

Game da fita bishara, ba zan ce miki dole gobe ki ɗauki jaka ba, in kin gaji ki huta, Iliya ma da ya ce ya isa, abinci da barci aka fara ba shi. Amma wannan tunanin cewa sai kin ƙoshi kike da abin faɗa, shi nake so ki ajiye. Bishara ba ita ce ku zo ku ga yadda na yi arziki ba, in da haka ne Bulus ba shi da ta cewa, mutumin da ko ƙofar gida ba ya iya fita. Shi kuwa ya ce ɗaurinsa ya sa bishara ta ci gaba, har dukan masu gadin fada suka san saboda Almasihu yake ɗaure, a ƙarshen wasiƙar ma yana miƙa gaisuwa daga masu bi na gidan Kaisar. Sojojin da aka sa su tsare shi su ne suka zama masu sauraronsa. Akwai matan da suka rasa mazajensu kaman ke a wannan garin da ba za su taɓa sauraron mai babbar mota ba, amma ke in kin zauna kusa da su za su ji, don kin san abin da suke ji ba a littafi ba.

Mu nan ƙasar Tangale da Waja ma ta wannan hanyar bishara ta iso mana. A Disamba 1893 samari uku 'yan mishan suka sauka Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da nufin shigowa arewa. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Kent a Bida, Gowans a Girku, Bingham ya koma gida da ciwo ba tare da ko mutum ɗaya ya tuba ba. Ya sake dawowa ciwo ya sake mayar da shi. Sai 1902 aka samu aka kafa tasha a Patigi, sai 1917 mishan ɗin, wato SIM, ya iso Kaltungo. Ban kawo wannan don in ce taki wahalar ƙarama ce ba, a'a. 'Yata, bayan shiri ki riƙe mini wasiƙar nan, akwai waɗanda zan yi wa magana.

Mai gabatarwa: An gama Baba. Ga wata gajera daga Billiri: "An yi zaɓen Zumuntar Mata na faɗi, wadda ta ci tun muna 'yan mata ba ma shiri. In daina zuwa?"

Baba Fasto: Kar ki daina. Filibiyawa 4:2, Afodiya da Sintiki, mata biyu da Bulus ya ce sun yi fama tare da shi cikin aikin bishara, sunayensu suna cikin littafin rai, amma ba sa jituwa, har sai da ya roƙe su da suna a wasiƙar da za a karanta a gaban jama'a duka. Bai gaya mana wa ke da gaskiya ba, kuma yau abin da aka fi tunawa da su kenan, faɗan. Ki je taro, ki zauna inda kika saba zama, in an ba ki aiki ki yi. Kujerar tana da wa'adi, za a sake zaɓe.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe Baba don lokaci yana hararar mu. Wani matashi daga Tafawa Balewa ya ce a wani guruf da yake ciki kullum musu ake tsakanin 'yan ECWA da COCIN da Baptist da Katolika da na sababbin coci, wai wanne ne na gaskiya wanne ya fara zuwa, har ana fitar da mutane daga guruf. Ya ce me zai ce musu?

Baba Fasto: Ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kai ka zaɓi ɗarikarka ko a ciki aka haife ka? Yawancinmu a nan arewa amsar tana ga wane mishan ne ya fara isa ƙauyen kakanka. Wanda aka haifa a Kaltungo ya tashi a ECWA saboda SIM ce ta zo, aka kuma miƙa cocin ga 'yan ƙasa a 1954. Na wajen Bogoro da Tafawa Balewa da yawa COCIN ne, ita kuma daga mishan ɗin SUM ta fito, wadda Karl Kumm ya jagoranta suka fara sauka Wase a 1904. Na Garkida EYN ne tun 1923, na Numan LCCN. Da an haife ka can da yau ɗaya gefen kake zagi. Su kansu Turawan mishan sun zauna sun raba yankuna don kada su taka ƙafar juna, kuma da aka gama fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ba a buga na SIM daban na SUM daban ba. Iyayenmu sun fita Sabon Rai Don Kowa tare daga coci daban-daban, ganga ɗaya, waƙa ɗaya, ba wanda ya tambayi katin memba.

Ba na cewa babu bambanci, akwai, kan baftisma da tsarin shugabanci da Jibin Ubangiji da sauransu, wasu ma manya ne, kuma ana iya zama a tattauna su cikin ladabi da wanda ya san abin da yake faɗa. Amma musun wa ya fara zuwa, Korintiyawa sun riga ku, ni na Bulus ne, ni na Afolos ne, ni na Kefas ne, Bulus ya tambaye su ko shi aka gicciye dominsu. Ka tura musu 1 Korintiyawa sura 1 da sura 3 su karanta. In sun ci gaba ka sa guruf ɗin a shiru, data tana tsada.

Mai gabatarwa: Hahaha toh Baba mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Akwai tambayoyi biyu kan zakka da ɗaya kan auren wanda ba ɗarikarku ɗaya ba, ba mu samu kai gare su ba, da su za mu fara mako mai zuwa in Ubangiji ya yarda. Masu turo saƙon murya dan Allah a riƙa rubutawa, ya fi mana sauƙin karantawa a iska, kuma a faɗi garin da ake. A madadin Baba Fasto da wanda ya riƙe mana na'ura, sai mun sake haɗuwa, a kwana lafiya.